Launin Soɓo a Kofin Baba

Jiya ɗiyata tana taya ni girki, garin kanwa ya faɗa mata cikin soɓo. Jan ya rikiɗe ya koma kore-kore. Na tsaya da ludayi a hannu, Baba ya faɗo mini a rai.

Malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare. Takardar awon tsami tana wuyar samu a Maraɗi, sai ya riƙa awo da soɓo: in ruwa mai tsami ne jan ya ƙara haske, in dangin kanwa ne ya juya kore. Da idonsa ya tafi, ni na zama mai faɗa masa launi.

Wata rana da hantsi maƙwabciyarmu mai yin sabulu ta shigo ba ko takalmi. Ta tarar da jikanta yana kuka da buɗaɗɗiyar kwalba, ba ta san ko ruwa ba ne ko ruwan soda.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce in zuba soɓo a kofi, in ɗiga na kwalbar.

"Uwata, mi kika gani?"

"Ja ne, Baba. Bai motsa ba."

"Ruwa ne, Hajiya. Tsoronki ya sa shi kuka. Amma sodarki ta koma saman katanga yau."

Jiya na riƙe koren nan har bakina ya buɗe zan faɗa masa. Allah ya jiƙan Baba, ya maido masa ganinsa a Aljanna, ya duba da kansa.