Ranar da Birgin Babana Ya Sha Ruwa

Mun tashi daga unguwar Al-Shifa a Riyad ana idar da sallar asuba, ranar Juma'a, mu uku: ni, da abokin ɗakina, da wani ɗan garinmu direba wanda kafilinsa, wato ubangidansa, ya bar masa mota ta yini guda. A bayan motar akwai kula cike da ƙanƙara, da gawayi, da yaji. Akwai kuma wata jaka da na ɗora a cinyata, ban yarda an sa ta cikin kaya ba.

Birgi ne a cikin jakar, wato ragar da ake jefawa a kama kifi. Na babana ne. Mu masunta ne daga fadamar Haɗeja. Baba ya rasu ina nan Riyad ina tuƙa tankar ruwa, ban samu jana'izarsa ba. Daga baya ƙanena ya aiko mini da birgin ta hannun wani da ya zo Umra. Shekara shida yana ƙarƙashin gadona bai taɓa ruwa ba, zaren har ya fara ƙeƙashewa. Da na ji wani Basudane a wurin aiki yana cewa akwai tafki mai kifi a kudu da gari, na ce a raina ko sau ɗaya ne sai na jefa shi kafin ya lalace.

Mun tsaya a wani gidan mai muka sayi gurasar tamis mai zafi riyal ɗaya ɗaya, da wake dafaffe, da shayi. Titin sumul yake, ba rami ko ɗaya, har direbanmu ya ce irin wannan titi shi ke sa mutum barci, gara namu da ke tashe ka. Gine-gine suka ƙare, sai jan dutse da raƙuma jefi-jefi a bayan shingen waya. Bayan kamar awa ɗaya da rabi muka sauka daga kwalta, muka bi ta tsakanin gonakin dabino. Ƙanshin laka na fara ji tun kafin in ga ruwan.

Tafkin ba babba ba ne. A gida da kududdufi mai girma za mu kira shi. Ruwan sama ne da ke gangarowa daga kwari ya taru a bayan wata 'yar madatsa. Amma yana da tsabta, ga agwagin ruwa, ga ciyawar kacala a gefen gabas ta yi kore shar.

Sai abokin ɗakina ya taɓa ni ya nuna mini wani allo. An yi rubutun Larabci, a ƙasa an zana kifi da ƙugiya, an ja musu jan layi. Ya ce, "Malam, wannan ko wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba ya karanta shi." Ya faɗi haka ne don ina zuwa ajin da wani ma'aikacin jinya ɗan Najeriya yake yi mana ranar Asabar. Muka yi dariya. Mun ɗauko gawayi da yaji tun daga Riyad ba mu tambayi kowa ko ana kamu ba. A wurinmu duk inda ruwa yake, kifinsa na mai raga ne.

Mutane kusan ashirin muka tarar suna aiki a bakin ruwan. Wani dattijo mai farin gemu, ya naɗe jallabiyarsa zuwa gwiwa, ya zo ya yi mana sallama. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shi ne babba a ƙungiyar 'yan sa-kai da ke kula da tafkin. Ya ba mu gahawa da dabino, ya zaga da mu.

Kowa yana da nasa yanki na gaɓa, an raba da duwatsu masu fenti. Mai yanki shi ke kwashe robobi da tokar da masu yawon shan iska suka bari, shi ke shayar da itatuwan da ke wurin. Akwai manoma, da tsohon soja, da wani likita, da leburori biyu 'yan Bangaladash, kuma ba a biyan kowa. A cikin ruwan an kafa sanda mai lambobi. Duk Juma'a ana duba ta a rubuta a littafi, in ruwa ya sauka ƙasa da jan layi manoma su kashe injinansu, haka suka yi alkawari a tsakaninsu. Kacala kuwa suna yanke ta da lauje, sai ta gabas da suke bari saboda tsuntsaye na ƙwai a ciki. Nan na tuna mashigin ruwan garinmu, yadda kacala ta cinye shi muna kallo, kowa na jiran wani ya fara. Kifin kuma, in ji dattijon, shi ke cinye gansakuka da 'ya'yan sauro, shi ya sa aka hana kamu. Na ƙara matse jakata a hammata.

Muna cikin haka aka ƙwala masa kira daga can ƙarshen tafkin. Ruwa ya ja baya a makon, ya bar wani ɗan gurbi a ware, bai kai gwiwa ba, cike da karfasa. Rana ta fara zafi, kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Na san wannan alamar. Kafin a sauko daga Juma'a rabinsu sun juya ciki. Mutane suka shiga da bokitai suna tara hannu, suna dama laka, kifin na zille musu. Likitan ya zame ya zauna daɓas a ciki.

Na je wurin dattijon na buɗe jakar. Ya dubi birgin, ya dube ni.
"Ya akhi, da wannan ka zo?"
"Da shi na zo, ya shaihi. Ban san mamnu'u ne ba, ban san an hana ba. Amma ka sa su fito daga ruwan, suna ƙara shaƙe su."
Sai ya ɗaga murya ya ce kowa ya fito.

Na cire takalmi. Na ɗaura igiyar a wuyan hannu, na ɗora gefe ɗaya a kafaɗa yadda Baba ke yi, na yi bisimilla na juya na saki. Birgin ya buɗe ya yi da'ira, dalmar da ke bakinsa ta faɗa ruwa gaba ɗaya. Ban san hannuna bai manta ba. Da na jawo, ya yi nauyi, yana motsi.

Abokin ɗakina ya zubar da ƙanƙarar ya cika kular da ruwan tafki. Muna zare kifin a hankali don kada ƙaya ta karye, ana zubawa a kula, mutum biyu su ruga da ita su juye a babban ruwa. Direbanmu yana ɗauka yana mita, wai shi bai taɓa ganin inda aka yi wa kifi dakon zuwa gida ba. Na yi jifa goma sha wani abu. A na ƙarshe zaren ya tsinke a gefe, faɗin tafin hannu, amma lokacin gurbin ya kusa zama wayam. Waɗanda suka mutu ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Muka zauna a inuwa. Wani manomi ya kawo zare, dattijon ya riƙe mini birgin a miƙe ina ɗinkewa. Kusa da wurin da ya yage akwai tsofaffin ƙulle-ƙullen Baba, na gane su, don shi sau biyu yake zagayawa. Na gaya wa dattijon ko na wane ne. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, duk wanda ke wurin ya shafa, har 'yan Bangaladash ɗin.

Na ba su shawara su haƙa 'yar hanya daga gurbin zuwa tafki, don kifi ya bi ruwa ya fita da kansa in ya fara ja. Dattijon ya rubuta a littafinsu, ya miƙo mini biro ya ce duk wanda ya yi aiki yana sa sunansa. Na rubuta nawa a hankali, a ƙarƙashin na likitan.

Mun yi Juma'a a masallacin ƙauyen, suka ciyar da mu shinkafa da kaza, muka kamo hanya. La'asar ta yi mana a Al-Shifa, kula ba kifi, gawayi ko buɗe shi ba mu yi ba. Abin da na gani shi ne, ruwa ba ya zama da kansa, sai an samu masu tashi da sassafe dominsa ba don za su ci komai a ciki ba. Na kira ƙanena na ce ya nemi mutum biyar da lauje biyar, su fara da bakin mashiginmu.

Birgin na shanya shi a saman bene. Yana ɗiga, yana ƙarnin kifi da laka. Abokin ɗakina ya ce in wanke shi da omo. Na ce a bar shi haka tukuna.