Hancin Kamfani

Kowace safiya, kafin ya kurɓi shayi, sai ya ɗaga kofin zuwa hancinsa, ya lumshe ido, ya ja numfashi a hankali kamar mai sauraron kiɗa daga nesa. Yau ma haka ya yi. Matarsa tana tsaye tana goge masa rigar tafiya, ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Baban yara, ajiye kofin nan. Madarar ta lalace tun jiya."

"Ai na ji."

"Ka ji a bakina dai."

Ita kaɗai ce a duniya ta san Malam Hanci ba shi da hanci. Hancin yana nan a fuska, dogo mai kwarjini, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Sai dai wata mura ta taɓa sauka a gidansa, da za ta tafi ta kwashe abin da ke ciki, ta bar masa kango. Mutumin da a ƙuruciyarsa yakan ji ruwan sama tun hadari bai haɗu ba, yakan gane wace ce cikin 'ya'yansa ta gitta ta bayansa, yanzu albasa da fure duk ɗaya ne a wurinsa.

Kuma da hancin yake ci. Kamfaninsu ruwan ƙamshi yake haɗawa yana sayar wa masu sabulu da man shafawa. Duk sanda wani ya yi ƙorafi, shi ake ɗora wa jaka a ce ya je ya shinshino. Tun bayan murar sai ya koma shinshina da ido. In an miƙo masa kwalba, sai ya ce, "A'a, babba ya fara," ya zuba wa fuskar babban ido. Ya daɗe da gano cewa baki yana iya yi wa wari kara, amma gira ba ta iyawa. Da girar mutane ya aurar da 'ya'ya, ya rufa wa kansa asiri.

Wannan karon wani mai masana'antar sabulu ne ya aiko cewa ƙamshin da ake kawo masa ya canza. Shugaban kamfani ya ce da Malam Hanci, yana murmushin da bai kai ciki ba, in mutumin nan ya kuɓuce musu, to na'urar shinshina za su sayo, ita ba ta neman fansho.

A motar haya wani ya shigo da buhu. Malam Hanci ya ga fasinjoji sun toshe hanci, shi ma ya toshe nasa, har ya fi kowa tsaki.

Masana'antar tana bayan gari, fara fat kamar sabon haƙori. Manaja ya tarbe shi a ƙofa, siririn mutum mai yawan gumi, ya kifa masa hular kwano da ta sauko har gira. Ashe ƙa'idar gidan ce, in baƙo zai zo a kashe injuna tun jajibiri a yi fenti. An fente bango, an fente duwatsun bakin hanya, an fente wata tsintsiya da aka manta a jingine. Ma'aikata sanye da sababbin kaya masu karin guga suna gara durom daga wannan kusurwa zuwa waccan, suna nishi, durom ɗin kuwa sai ƙara yake irin ta abin da babu komai a cikinsa. Mata a jere suna naɗe sabulu a takarda, na gaba da su suna warwarewa suna maido musu.

"Ni fa aikin na zo gani," in ji Malam Hanci.

"Haba yallaɓai, aiki ai ba abin nuna wa baƙo ba ne. Datti gare shi."

Aka kai shi ɗakin taro. Mai masana'antar yana zaune a kan kujerar da ta yi masa kaɗan, manyan ma'aikata a tsaitsaye a bayansa. A kan tebur ga kwanuka biyu a rufe.

"Ɗaya tsohon da muka saba da shi ne, ɗaya sabon da kuka kawo," in ji maigidan. "Na sa an ajiye tsohon musamman. Malam, faɗa mana inda aka cuce mu."

"Ranka ya daɗe, babba ya fara."

Maigidan ya ɗaga kwano ya ja numfashi. Girarsa ba ta motsa ba. Ya miƙa wa na bayansa, kwanon ya zaga ɗakin hannu zuwa hannu, Malam Hanci yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɗan'uwansa a tasha. Babu wanda ya yamutsa, babu wanda ya saki. Fuskoki sumul kamar sabulun da suke yi. Kwanon ya iso gaban Malam Hanci.

Ya ce a kashe fanka. Aka kashe. Ya ce a buɗe taga, ya sake cewa a rufe. Ya ce mai takalmi mai ƙara ya daina motsi. Ya sunkuya a kan kwanon dama, ya koma na hagu, bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Da dabara ta ƙare ya ce a ƙa'idar sana'a sai ya wanke fuska.

Yana tsaye gaban famfo yana tunanin yadda zai gaya wa matarsa, sai ga manaja da tawul, ya turo ƙofa da baya.

"Yallaɓai, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka. Na san tun daga bakin ƙofa ka gane. Daga durom ɗaya na ɗebo su duka. Tsohon ya ƙare tuntuni, muka zuba shi a sabulu."

Malam Hanci ya goge fuska a hankali. "Kuma babu wanda ya lura?"

"Wa zai lura? Duk wanda ya shekara a gidan nan hancinsa ya yi ritaya. Maigida ma surukarsa ce ta ce sabulun ba kamar da ba, shi ke nan ya hau."

"Hmm," in ji Malam Hanci. "Ina ta jira in ga ko za ka faɗa da bakinka."

Da suka koma ya shinshina kowane kwano sau ɗaya, a wulaƙance, ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ba abin da ya canza."

Wuyan maigidan ya fara kumbura. "Wato ƙarya na yi? Ni da na ji da hancina?"

"Ka ji, ranka ya daɗe. Sabulun yana nan inda yake, hancinka ne ya yi gaba ya bar shi. Yakan faru da manya. Ni ma a dogon zamana a aikin nan ban ga irinsa da yawa ba."

Maigidan ya waiwaya ya dubi mutanensa ɗaya ɗaya, idanunsa sun ciko. "Kun ji ko? Shekara nawa ina gaya muku." Ya riƙo hannun Malam Hanci da hannu biyu. "Yau zan kira shugabanku. Ba na son kowa sai kai. Duk wata ka zo, mu rufe ƙofa mu biyu mu shinshina, tunda mu kaɗai muka rage." Ya jawo kwanon ya lumshe ido. "Ka ji wani ɗan lemun tsami can ƙasa, yana leƙowa?"

Malam Hanci ya sunkuya. Ya tuna lemun tsami, yadda yakan fesa raɓarsa in an yanka, yadda yakan kwana a yatsu. Ya daɗe a sunkuye, ya fi yadda aikin yake bukata.

"Yana nan," ya ce.

Aka ɗora masa kwalin sabulu a hannu. Ya cire hular kwano ya ajiye a kan tebur, ya yi sallama, manaja ya riƙe masa ƙofa ya fita.