Muryar Inna a Kan Kufai

A duk abin da kakanninmu suka bar mana, daga ganuwa har littattafai, babu abin da ya kai kunyar ɗan fari daraja. Na san za ku yi dariya, ni ma shekara talatin ina yi. Amma wallahi abin da zan ba ku ya faru da ni, ba ji na yi ba.

Lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Anka, tun hanya tana da lafiya, mutum yana iya tsayawa sayen rake ba tare da ya waiwaya ba. Ni ne ɗan farin Inna, don haka tunda ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ina yaro "Kai" nake, da na kama aiki aka yi mini ƙarin girma na zama "Malam". Abin yana cina, ban ɓoye muku ba. Na sha ce mata babu inda aka rubuta wannan, ita kuma ta ce ai ba rubutu ta haifa ba.

Da hutun kaka ya zo sai na ɗauke ta a tsohuwar motata, za mu Gummi wajen ƙanwarta, amma mu bi ta wani kufai a kan dutse bayan Nasarawa Burkullu, inda kakanninta suka zauna kafin su sauko. Tafiyar nishaɗi ce, mun sha nono a Bukkuyum, mun tsaya ta duba dawar mutane ta kushe ta, ni kuma ina ta zolayarta.

"Inna, yau dai a gaban kakanni ki faɗi sunan nan sau ɗaya."

"Tuƙa motarka, Malam. Mi za ka yi da shi? Ka mance shi ne?"

Mun isa da hantsi, rana tarwai. Na bar ta a gindin wata tsamiya kusa da ragowar ganuwa saboda gwiwarta, na hau ni kaɗai da littafina, ina auna tsofaffin ramukan marina kamar wanda wani ya aika. Ciyawa har ƙugu, ba tsuntsu, ba iska.

Sai na ji an kira sunana. Muryar Inna ce, har da 'yar shaƙewar nan tata, daga hannun dama, can bayan wata kuka. Sunana na yanka, cikakke, a hankali. Jama'a, ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Na ce yau na yi nasara. Na amsa, "Na'am, Inna!" na kutsa cikin ciyawa ina murmushi, ko tunanin yadda mai ciwon gwiwa ta riga ni hawa ban yi ba. Aka sake kira, na ƙara sauri.

Sai daga bayana, ƙasa, wata muryar ta tsage: "Kai! Kai Malam! Tsaya nan!"

Murya ɗaya, wuri biyu. Ta gaba tana faɗin sunana da taushi, ta baya tana haki, kuma ko a hakan ta ƙi faɗinsa. Nan na san wacce ce tawa. Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Da na buɗe ciyawar da littafi, sai ga rami, irin wanda masu haƙar zinari suke bari, baki wangame. Na jefa dutse, ban ji saukarsa ba.

Inna ta iso da rarrafe, zanenta duk ƙaya, ta damƙe rigata.

"Wa kaka amsa ma? Ni ban kira ka ba."

"Ba ki ji ba, Inna?"

"Ni kai ɗai na jiya kana na'am awa mahaukaci. Mu tahi."

Muka sauka, muka kama hanyar Gummi. Na nemi bayani a littattafai, na yi zancen amsa-kuwwa da zafin rana, amma amsa-kuwwa ba ta fara magana, maimaitawa take yi.

Shawarata, in kun je irin wuraren nan kuka ji an kira ku, ku tsaya ku tambayi kanku ko mai muryar nan haka ya saba kiranku. Inna ta rasu bara. Sau biyu na taɓa jin sunana da muryarta, kuma ba ita ta faɗa ba.