Uwaisu Ya Ɗauki Kayan Wansa

Uwaisu mai faci, wanda ke zama gindin darbejiya a hanyar Kiyawa, ba ɓarawo ba ne. Na faɗa na ƙara, wanda zai ji haushi ya ji. Tare muka taso a Dutse, a gabana aka yi komai.

Wansa Abdulkahar ne ke bin 'yan satar babura. Ranar da 'yan sanda suka gano babura uku a zauren gidansu, ƙato ya zube gaban ƙanensa yana hawaye: "Ka ɗauki kayan, Uwaisu. An taɓa ɗaure ni, in na koma ba zan fito ba. 'Yarka 'yata ce." A bakin 'yan harkar, ɗaukar kaya shi ne ka ce kai ka yi, a ɗaure ka, mai laifi ya sha iska. Bawan Allah ya amsa. Shekara bakwai! Matarsa ta rasu yana ciki, 'yarsa Mu'minatu ta koma hannun baffanta.

Ya fito ya tarar wan nasa ya koma Ringim da yarinyar, ya zama Alhaji, dillalin hatsi. Na ce, "Kai, gaya mata gaskiya mana!" Ya ce in ya faɗa, gidan da ta tashi zai rushe mata. Ya ci gaba da facinsa.

Bana aka sa ranar aurenta. Uwaisu ya ɗinka shadda. Bai nemi walicci ba, dama na baffa ne. Burinsa kawai ya zauna a tabarmar ɗaurin auren 'yarsa.

Ana saura kwana biyu sai ga Mu'minatu da kanta. Ko durƙusawa ba ta yi ba.

"Baba, don Allah kada ka zo. Baffa ya rufa mana asiri, ya ce wa dangin mijina ka rasu."

Shi kuwa cewa ya yi, "To. Allah ya yi miki albarka." Sannan ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba.

Ni na je a madadinsa. Da aka shafa fatiha, liman ya ce a yi wa marigayi mahaifin amarya addu'a. Amin ɗin Alhaji Abdulkahar ta fi ta kowa ƙarfi.