Rijiyar da Aka Shiga Babu Ganye

Jiya aka sare marken ƙofar gidanmu, ƙanshin ɗanyen ganye ya shigo mini har ɗaki. Sai na ajiye carbi. Ku matso, abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne.

Babana mai yasar rijiya ne a Kucheri, tun Nasara suna baƙi a ƙasar nan. Har Mada ake zuwa kiransa. Ba ya shiga tsohuwar rijiya sai ya sassaro rassa masu ɗanyen ganye, ya ɗaure da igiya, ya zura, ya yi ta ja yana saki tun hantsi har rana ta take. In mutane suka ƙosa, sai ya ce, "Ku bari ta sha iska. Ganye ke ba rami numfashi."

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke. Fara ta bi ta ci nata, mu muka bi muka ci saura. Kuka, tafasa, rama, har ganyen da akuya ke ƙi sai da Inna ta dafa. Itatuwa suka tsaya tsirara. Rijiyoyi suka ƙafe, saura tsohuwa guda ta bayan gari, wadda aka rufe da itace tun kafin a haife ni.

Dattawa suka zo zaurenmu, suka roƙi Baba ya shiga tsohuwar rijiyar. Baba ya yini yana neman ganye har kusa da Tsafe, ya komo hannu wofi.

Inna ta tare ƙofa, ta ce, "Malam, ba ka shiga."

Ya dubi ƙanena da leɓɓansa suka tsattsage, ya ce, "To me za su sha?"

Ina tsaye aka zura shi. Igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sannan ta yi nauyi. Ba ihu, ba motsi. Da aka jawo shi babu ko ƙwarzane a jikinsa, tamkar mai barci. Ruwan ma ba a same shi ba. Ƙanena bai kai damina ba.

Jikanyata da ke koyarwa a Gusau ta ce mini numfashin da mu da dabbobi muke fitarwa, shi ganye ke sha in rana ta haske shi, ya mayar mana da mai kyau. Ta ce a rami kuwa kaɗa iskar da rassan ke yi ce ta yi aiki, ba ganyen ba. Ban yi musu ba, ban yi karatu ba. Na dai san ran da babu ganye, ran nan Baba ya tafi.

Yanzu kullum ina jin motocin itace suna wucewa, ɗaya bayan ɗaya. Marken ma da safe suka ɗauke shi. Da na fita alwala ban sami inuwa ba, sai na ga garin duk ya koma mini rijiyar nan, ga jikokina suna wasa a ciki.