Tsohon da Ya Ƙi Wucewa Gabana

Kamfanin madarar da nake wa aiki a Madina ya sayo injin ɗura laban, wato nono, a kwali daga ƙasar Denmak, sai aka tura ni in koyo yadda ake kwance shi a mayar. Wajajen ƙarshen shekarun casa'in ke nan, ban yi aure ba tukuna. Garin da aka koyar da mu ba shi da abin kallo, daga shanu sai ciyawa. Da aka gama, yini ɗaya ya rage min a babban birninsu, Kopanhagin, na kuwa ƙudura cewa da ƙafa zan taka shi, in more ranar iya morewa.

A unguwarmu ta Ƙuba ba ka isa ka kunna sigari a bakin titi ba, kafin ka kai gida labari ya riga ka wajen mahaifiyarka. Nan kuwa babu wanda ya san gidanmu. Na sa wandon jins da baƙin tabarau, na fito da sassafe da kwalin sigari a aljihu ina jin kaina.

Ban yi nisa da tashar jirgin ƙasa ba na tsaya in kunna ta farko, ashe a kan hanyar kekuna nake tsaye. Wata mata ta taho a guje, ta kauce min da ƙyar. Abin da ya fito daga bakina ba Larabci ba ne, ashar ce irin ta kakata, da Hausa garau. Sai na ji dariya a bayana.

Wani tsoho ne zaune a benci, baƙi kamar ni, da hular ulu da doguwar kwat, ya dafa sanda yana dariya har da tari.

Ya ce, "Yaro, wannan zagin na Katsinawa ne. Daga ina?"

Na ce, "Daga Madina, ya ammi," wato baffa da Larabci.

"Wace Madinar? Don mu ma a Gana muna da unguwa mai sunan."

Na ce Madinar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A can aka haife ni, a can aka haifi mahaifina.

Dariyar ta ɗauke. Ya miƙe a hankali, ya goge tafinsa a jikin kwat kafin ya miƙo min hannu, ya riƙe nawa ya ƙi saki. Ni kuwa ɗaya hannun yana cikin aljihu yana murƙushe sigari. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon Allah ya kawo masa ɗan aike, yau ga shi keke ya kusa kaɗe masa shi. Yana da saƙo zuwa Madina, in ji shi, amma sai za mu rabu zai ba ni. Kafin nan shi zai zagaya da ni gari, tunda ba shi da aikin yi ban da zaman benci.

Tun daga wannan lokacin tsoro ɗaya ne ya kama ni har yamma, kada tsohon nan ya gane irin ɗan aiken da ya samu.

Rigimar farko a kan tafiya muka yi ta. Na ja baya don ya wuce, kamar yadda aka koya mana, shi ma ya ja baya. Na ce, "Tafaddal, Baba, wuce gaba, kai ne babba, kai kuma ka san hanya." Ya ce Allah ya kiyaye shi da shiga gaban maƙwabcin Annabi. Muka tsaya a gefen titi kowa yana nuna wa ɗan'uwansa hanya, Turawa suna ratsa mu suna wucewa. Ni na gaji na fara tafiya. Haka muka yini, baƙo a gaba, ɗan gari a baya yana ba da umarni: "Dama, ɗan Madina. Miƙe. A'a, dawo, hagu na ce." Ƙeyata har zafi take yi don kunya. Da mahaifiyata ta hango ni ina jan dattijo mai sanda a baya, da ban sake shan ruwan gidanmu cikin kwanciyar hankali ba.

Akwai wani lambun wasanni kusa da tashar, mai lilo da kiɗa, wanda tun a jirgi nake ɗokin shiga. Da muka zo ƙofarsa na rage sauri. Daga bayana na ji ya ce, "Wuce da sauri, nan ba wurin irinku ba ne, shirme ne kawai a ciki." Na ce ƙwarai kuwa, na wuce ina jin ihun mutane a kan lilo.

Muka bi wani dogon titi da mota ba ta shiga, shaguna hagu da dama. Muka hau wata hasumiya da babu matakala a cikinta sai gangare mai zagayawa, yana haki yana hutawa, amma ya ƙi yarda in tsaya a bayansa ko da don in tare shi. Daga sama ya nuna min jajayen rufin gidaje da koraye, ya nuna tashar jiragen ruwa inda ya sauka yana saurayi. Ma'aikacin jirgin ruwa ne, ɗan zangon Kumasi, mahaifinsa Bakatsine. Ya auri 'yar ƙasar, ta rasu, suna da 'ya ɗaya da ba ta jin ko sannu. Ya gama ba ni labarinsa cikin numfashi kaɗan, kamar mai biyan wani wajibi, sannan ya koma kan abin da ya dame shi.

Da gaske ne iskar Madina ƙamshi take yi? Daga gidanmu ana hango koriyar ƙubba? Ana iya takawa da ƙafa daga Ƙuba zuwa Harami? Na amsa abin da zan iya. Hausata ta gida ce, rabinta Larabci, in kalma ta ɓace min sai in cusa ta Larabci, shi kuwa sai ya gyaɗa kai ya ce Masha Allah, yana zaton ilimi ne.

Sai ya tambaye ni sau nawa nake zuwa gaida Annabi a yini.

Na ce, "Muna zuwa, alhamdu lillahi."

Gaskiyar ita ce a masallacin unguwa nake sallah, Harami kuwa sai Juma'a, ita ma daga farfajiya, kusa da inda na ajiye mota. Rabona da tsayuwa gaban kabarin tun wani baƙo da muka raka. Mu 'yan gari abin da muka fi sani game da wajen shi ne cunkoso, da motocin alhazai da ke tare mana hanya muna danna hon muna tsaki. Ya dubi takalmana ya ce, "Waɗannan sun taka wurin ke nan." Na ji kamar in cire su in jefa a ruwa.

A bakin wani mashigin ruwa mai jerin gidaje masu launi, ja da rawaya da shuɗi, mutane sun cika tebura suna shan giya a rana. Ya bi da ni ta ɗaya gefen yana ba ni haƙuri, kamar shi ya zuba musu. Ya sayo mana burodi da kifi, ya ce in ci da kwanciyar rai, ya san mai shagon. Da ya naɗe hannun riga zai wanke hannu na ga zanen jirgi da wani rubutu a damtsensa, irin wanda ake yi da allura ba ya fita. Ya lura na gani, ya yi sauri ya sauke hannun rigar. Na laluba jakata na samu ragowar dabinon da mahaifiyata ta ƙulla min, na ba shi. Ya tambayi na ina ne, na ce na Badar. Bai ci ko ɗaya ba, ya naɗe su a hankici ya sa a aljihun ƙirji.

Muka ga fadar sarauniyarsu da sojoji masu dogayen huluna na gashi, tsaye kamar an dasa su. Muka taka har bakin teku, wurin wani gunkin mace mai jelar kifi a kan dutse, wanda kowa yake cewa in ba ka gan shi ba ba ka zo garin ba. Ashe ɗan ƙarami ne, kuma babu riga a jikinsa. Tsohon ya juya masa baya yana istigfari. Ni ma na juya, kyamarata na rataye a wuya, na dai saci kallo da wutsiyar ido.

Lokacin azahar ne abin ya kai maƙura. A wani lambu ya samo ruwa a gora, ya durƙusa da gwiwarsa ta tsufa zai zuba min in yi alwala. Na ce, "La, ya ammi, wallahi aib ne, abin kunya ne." Ya ce in bar shi ya samu lada. Ya shimfiɗa kwat ɗinsa a ciyawa ya ce in shiga gaba. Na kawo uzuri cewa ni matafiyi ne, raka'a biyu zan yi. Ya ce ya sani, zai cika nasa. Na ta da kabbara ina gode wa Allah da ya sa azahar a asirce ake karatunta. Ina jin numfashinsa a bayana, yana kuka a hankali. Ban taɓa yin sallar da na ji ni ba kowa ba ne kamar wannan ba.

Da muka idar na tambaye shi me ya hana shi zuwa da kansa. Ya ce likita ya hana shi hawa jirgin sama saboda zuciya. Sannan ya ce, "Lokacin da nake da lafiyar, ɗan Madina, da wace fuska zan je? Ka san rayuwar jirgi. A'a, ba ka sani ba, Allah ya tsare ku." Na so in ce masa akwai sigari a aljihuna, ko ya samu sauƙi. Na kasa, don na ga ba sauƙi zai samu ba, ɗan aikensa zai rasa.

Da yamma muka dawo tashar, rana tana nan sama kamar ba ta da niyyar faɗuwa, ƙafafuna sun yi tsami. Motar da za ta kai shi unguwarsu ta tsaya. Ya kama hannayena biyu ya ce, "In ka je, ka tsaya a gabansa, ka ce ina gaishe shi. Ka ce ban zo ba ne don kunya, ba don rashin so ba. Kada ka ƙara komai, kada ka rage."

Na ce, "Ala aini wa rasi, Baba, na ɗauka a kaina. Zai ji, in sha Allahu."

Ya hau da ƙyar, ya zauna ta taga, motar ta tashi.

Washegarin da na sauka Madina na yi wanka, na sa farar riga, na tafi Harami bayan la'asar. Mahaifiyata har ta tambaya ko lafiya. Na shiga layin masu ziyara, ana turawa a hankali, ina maimaita kalmominsa a zuci kada ɗaya ta zube. Na san yadda ake isar da irin wannan gaisuwar, tun muna yara muke jin alhazai suna yi: aminci ya tabbata a gare ka daga wane ɗan wane. Na iso gaban ƙarfen da ya kewaye kabarin, na yi tawa sallamar, na buɗe baki na ce "daga", sai na tsaya.

Ban san sunansa ba. Yini guda ina ce masa Baba, yana ce min ɗan Madina. A gidanmu yaro ba ya duban tsoho ya ce yaya sunanka, ko a mafarki, shi kuma ina jin ya ɗauka ya faɗa tun da safe. Ba ni da adireshinsa, ban san unguwar da motar ta nufa ba. Na tsaya baki buɗe, askarin da ke gadin wurin yana ɗaga hannu yana cewa in matsa.

Na sunkuyar da kai na faɗa da Hausa, yadda aka ba ni. Na ce, "Ya Rasulallahi, wani tsoho a Kopanhagin yana gaishe ka. Ya ce bai zo ba ne don kunya, ba don rashin so ba. Ni ne ban tambayi sunansa ba."

Na bayana suka turo, na fita ta ƙofar da kowa yake fita.