Sunan Mai Gida

Yayata tela ce. Shekara ashirin da biyu tana ɗinka kayan makaranta a ɗakin haya, kekenta a jikin taga, yara biyu da surukarta, Inna, a bayan labule. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu shekara tara ke nan, amma zo ka ji ta: maigidana ba ya son kaza, maigidana ya ce kaza. Na sha ce mata, "Yaya, don Allah ki bar bawan Allah ya huta," sai ta yi dariya ta ci gaba da taka keke. Ita ke biyan haya, ita ke ciyarwa, ita ke yi wa tsohuwa wanka tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, amma ba ta taɓa ganin kanta a matsayin komai ba sai matar wane.

Da rana tsaka ambaliya ta shigo unguwarsu. Ta goya tsohuwa, ta riƙe yara hannu bibbiyu, ruwa har ƙirji. Kan keken kaɗai aka tono daga baya, cike da laka. Tun ranar tsoro bai sake ta ba. Ko famfo aka bari yana zuba sai ka ga ta miƙe zumbur tana ƙirga yara.

A ajin wata firamare aka zuba su, iyali shida, an raba da zannuwa. Ni kuwa ɗaki ɗaya gare mu, mu bakwai, ina zan sa mutum huɗu? Da gwamnati ta fara rabon gidaje, masu takardar mallaka kawai aka ba. Mai gidan hayarsu ya karɓi nasa ya yi gaba, 'yan haya ko oho. Sai a wata na uku aka ce an faɗaɗa abin, ɗan haya ma zai samu ɗaki biyu a sababbin gidaje. Ma'aikata suka kafa tebur a harabar makarantar. Ranar ina wurin aiki, kuma har gobe ina cizon yatsa.

Ma'aikacin ya tambaye ta, "Sunan mai gida?" Shi shugaban iyali yake nufi, wanda ke riƙe da gidan. Ita kuwa mutum ɗaya ta sani da wannan suna a duniya. Ta ba shi sunan marigayi, ya rubuta, ya ce na gaba.

Ranar Laraba aka manna sunaye, aka biyo da sanarwa a lasifika: kowa ya zo ofis da kansa da katin shaida ya dangwala yatsa, duk wanda ya ba da sunan ƙarya ko na mamaci za a miƙa shi ga 'yan sanda. Litinin kuma ɗalibai za su dawo, dole a bar azuzuwa.

Na same ta a bayan aji.

"Na kashe mu," ta ce. "In suka rufe ni wa zai juya Inna? Wa zai riƙe yaran?"

"Haba Yaya! Mutum shekara tara a ƙasa, shi zai zo ya dangwala?"

Na yi mata tas, ban rage ba. Ta ce gara su kwana a gindin bishiya da ta je ofishin nan. Na ce ko a ka zan ɗauke ta sai ta je.

Jumma'a da safe muka bi layi. Muna tsaye 'yan sanda biyu suka fito da wani mutum, sun riƙe masa ƙugun wando, yana ta rantsuwa. Yaya ta juya za ta gudu, na damƙe mata hannu. Awa uku tana motsa baki tana addu'a, ni kuma ina lissafin ƙaryar da za ta fisshe mu.

Wata mata mai tabarau muka tarar a teburin. Ta karanta sunan, ta ɗago.

"Ina mai gidan?"

"Ya rasu," in ji Yaya, da kyar ake ji.

"A ambaliyar?"

Na taka wa Yaya ƙafa. So nake ta ce e, a wuce wurin! Ta dube ni, ta dubi ɗan sandan da ke bakin ƙofa.

"A'a, ranki ya daɗe. Shekara tara ke nan."

Na ce a raina shi ke nan, ta faru. Na fara zuba bayani ba kai ba gindi, matar ta ɗaga mini hannu.

"Ke yi shiru, ba da ke nake ba. Baiwar Allah, wa ke biyan haya?"

"Ni."

"Wa ke ciyar da su?"

"Ni."

"To wane ne mai gida?"

Matar ta cire tabarau ta murza ido, ta ce, "Ke ce ta goma sha ɗaya a makon nan. Tambayar ce ba a yi muku daidai ba. Amma ba zan gyara ba sai na ji daga bakinki, ga layi yana jira."

Ɗan sandan ya matso ya ga me ya tsayar da layi.

"Ni ce," in ji Yaya.

Matar ta ɗora rula ta ja layi a kan sunan marigayi, ta rubuta na Yaya a sama. Aka kama yatsan da allura ta gama huhhudawa aka dangwala. Gida mai lamba arba'in da bakwai, a karɓi makulli gobe.

Da muka fito ni har guɗa na so in yi. Ita kuwa ta zauna a kan matakala, takardar a cinyarta, ta fashe da kukan da ban gani ba ko ranar da aka kawo gawar mijinta.

"Yaya, kin samu fa! Inna ba za ta kwana a waje ba."

"Na sani," ta ce. "Amma kin ga yadda ta ja layi a kansa? Kuma ni na ce ta ja."